Tambayoyi da amsoshi: horar da malaman Kebbi kan amfani da waya da kwamfuta a cikin darasi

Waɗannan tambayoyi ne da malaman firamare da na ƙaramar sakandare da shugabannin makarantu suke yawan yi a wuraren bita, daga Birnin Kebbi da Argungu har Yauri da Zuru. An haɗa masu kama da juna wuri guda. Amsoshin an gina su ne a kan aji mai cunkoso, wuta babu tabbas, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa.

Me ake nufi da shigar da fasaha cikin darasi? Ba koyar da kwamfuta ba ke nan?

A'a, abubuwa biyu ne. Darasin kwamfuta fanni ne mai zaman kansa, da malaminsa da lokacinsa a jadawali. Abin da ake magana a nan shi ne malamin lissafi ko na Hausa ko na kimiyya ya ɗauki na'ura don ta taimaka masa wajen koyar da nasa fannin.

Ga yadda ake gwadawa: a ɗauke na'urar, a duba ko darasin ya rasa wani abu. Malamin da ya buga bayanin darasi a kwamfuta ya haska a bango yara suna kwafa, alli kawai ya huta, koyarwar tana nan yadda take. Wanda kuwa ya ɗauki muryar yaro yana karatu a farkon zango, ya sake ɗauka bayan mako shida, ya kunna masa duka biyun ya ji bambanci da kunnensa, ya yi abin da alli ba zai iya ba. Wasu masana biyu na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka, Mishra da Koehler, sun fitar da tsarin da ake kira TPACK a 2006, kuma jigonsa shi ne sai sani uku sun haɗu: sanin fanni, sanin dabarun koyar da shi, da sanin na'ura. Na ukun shi kaɗai ba ya ba da darasi.

Na kusa ritaya, ban taɓa aiki da kwamfuta ba. Ta ina zan fara?

Malam, ta wayar da ke aljihunka. Duk wanda ya iya tura saƙon murya a WhatsApp ya riga ya kama hanya. Mako biyu na farko ka koyi ɗaukar hoto mai kyau na shafin littafi ko zanen allo, haske yana bayanka ba gabanka ba, da ɗaukar murya ta minti ɗaya zuwa biyu, da sa wa kowane abu suna a ajiye shi inda za a same shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba mutane wahala. Darussa da yawa sun watse ne malami yana tsaye gaban yara yana laluben bidiyo cikin hotunan biki da na suna. Ka buɗe jaka guda a wayar, a cikinta kowane aji da tasa, sunan fayil kuma ya ɗauki aji da darasi, kamar "Aji5 kiwon kifi".

Sai waɗannan sun zauna a hannu ake zuwa kwamfuta. Kuma shekarun da ka yi a aji jari ne: ka san inda yara suke tuntuɓe a kowane darasi, abin da matashin da ya iya danna na'ura bai sani ba tukuna.

Ana ta kai mu bita, mu dawo, amma babu abin da ya canza. Laifin wa?

Yawanci laifin tsarin bitar ne. Akan tara malamai ɗari ko fiye a zaure guda kwana uku, mai ba da horo yana gaba yana haska allo, kwamfuta ɗaya mutum biyar ko shida. Wanda ya riga ya iya shi ke riƙe da ita, sauran suna kallo. Ana koyar da shirya takarda da tura imel, ba a taɓa darasin da malamin zai shiga ya koyar ranar Litinin ba. A karɓi alawus da satifiket, a watse.

Sai matsala ta biyu, wato bitar miƙa-miƙa: a horar da mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma, su sauko su horar da wasu, waɗancan su ma su horar da na ƙasa. Kwana biyar a sama yakan koma yini ɗaya a tsakiya, ya isa makaranta ya zama sanarwar minti ashirin a ɗakin malamai. Abin da ke fara zubewa a hanya shi ne gwaji da hannu, alhali shi ne asalin horon.

Na uku, malami ya koyi aiki a kan kwamfutar zauren bita mai intanet da janareta, ya koma makarantar da babu ko soket. Horon da ba a yi shi da irin kayan da malami zai taras a makarantarsa ba, da wuya ya wuce ƙofar zaure.

To yaya horo mai amfani yake?

Horon da aka shimfiɗa a zango guda ya fi na kwana uku amfani, ko da jimillar sa'o'in ɗaya ce. Ga tsarin da gungun makarantu huɗu zuwa shida na kusa da juna za su iya bi ba tare da jiran kowa ba.

A fara da zama na yini biyu, mutum kada ya wuce 25 zuwa 30 ga mai horarwa ɗaya da mataimakinsa. Kowa ya zo da wayarsa a cike da caji, da littafin shirin darasinsa, da darasi guda wanda ya san yara suna faɗuwa a kai duk shekara. Yinin farko hannu ne zalla. Yini na biyu kowa ya sake gina wannan darasin, ya koyar da minti goma daga cikinsa a gaban 'yan'uwansa, su gaya masa abin da suka gani.

Daga nan aiki ya koma makaranta. Kowane malami ya yi alkawarin darasi ɗaya tak a mako da zai sa na'ura a ciki. Ɗaya, ba kullum ba. Masu cewa kullum su ne ke dainawa a mako na uku. Malamai su kasu biyu-biyu, kowa ya shiga ajin abokinsa sau biyu a zangon, ya zauna a baya da takarda yana amsa tambayoyi uku: minti nawa haɗa kaya ya ci? Yaran layin baya sun gani, sun ji? Me yara suka yi da hannunsu ko bakinsu bayan kallon? Ba duba-gari ba ne, ba a ba da maki, takardar kuma ba ta zuwa ofishin hedimasta. Da zarar malamai sun ji ƙanshin cewa za a yi amfani da ita wajen ƙarin girma ko ladabtarwa, kowa zai shirya darasin nuni ne kawai.

Duk bayan mako uku ko huɗu gungun ya sake haɗuwa na sa'a biyu. Kowa ya kawo abu ɗaya da ya yi kyau da ɗaya da ya lalace. Zauren WhatsApp yana taimakawa a tsakani, matuƙar an sa doka cewa na aiki ne. In ba haka ba gaisuwar Juma'a da siyasa za su binne komai.

A ba mu misalin darasi guda daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauki haɗin lantarki a kimiyyar ƙaramar sakandare, minti 40, kwamfuta ɗaya da allon haskawa ɗaya. Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka tana da gwaje-gwajen kimiyya na kwamfuta kyauta da ake kira PhET, waɗanda Carl Wieman ya assasa a 2002. Ana sauke kowanne a matsayin fayil guda, ya buɗu ba intanet. Akwai na haɗa batir da waya da ƙwan fitila.

Kafin a buga ƙararrawa komai ya kasance a haɗe, an buɗe gwajin, an rufe allon. Minti biyar na farko malami ya zana a allon alli batir ɗaya da ƙwai biyu a jere kan waya guda, ya tambaya: in aka cire ƙwai ɗaya, me zai sami ɗayan? Kowane yaro ya rubuta hasashensa a littafi kafin a nuna komai. Wannan matakin shi ne ruhin darasin, kuma shi aka fi tsallakewa. Yaron da bai yi hasashe ba kallon fim kawai yake yi.

Minti goma na gaba a kira yara biyu su haɗa a kwamfutar da kansu, a cire ƙwai ɗaya, duka su mutu. A sake haɗawa kowane ƙwai da nasa reshen, a cire ɗaya, ɗayan ya ci gaba da ci. A rufe allon. Minti goma sha biyar yara su zauna huɗu-huɗu su zana haɗin biyu, su rubuta dalilin bambancin, su kuma amsa: wanne ne aka yi wayarin gidajenmu da shi, tunda ƙwan ɗaki yana mutuwa na zaure bai mutu ba? Sauran minti goma na jin amsoshi ne da gyara. Na'ura ta ci kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin, kuma hakan ya isa. In akwai batir biyu na tocila da ƙwai da guntun waya, a kawo su mako mai zuwa. Gwajin kwamfuta share fage ne, ba ya maye gurbin taɓawa.

Kullum a rubuta a gefen shirin darasi abin da za a yi in na'ura ta ƙi. Ƙa'ida mai kyau ita ce minti uku: in ba ta tashi ba, a koma alli.

Makarantarmu babu wutar NEPA. Wane irin sola muke bukata?

A yi lissafi kafin a kira mai sayarwa. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana cin kimanin wat 50, talabijin mai inci 43 kimanin wat 70, ƙaramar lasifika wat 10. Jimilla wat 130. A sa'o'i huɗu na aiki ya zama wat-awa 520. A ƙara asarar inbata, a ce 600.

Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda, amma irin na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ba zai daɗe ba. Ke nan 600 ne naka, daidai wa daida, babu rara. Mai 200Ah ya fi kwanciyar hankali. Faifan sola mai wat 200, a rana irin ta Kebbi da ke ba da kusan sa'o'i biyar na cikakken ƙarfi, in an cire kashi 30 cikin 100 na asara, zai tara kimanin wat-awa 700. Mai wat 300 zai haura 1,000, ya rufe ranakun hadari da hazo.

Abin da ke kashe solar makaranta ba aikin aji ba ne. Cajin wayoyin unguwa ne, da fanka, da wanda zai jona dutsen guga ko hita. A sa mutum ɗaya a kan makullin.

Majigi ya fi ko talabijin?

Kowanne da lagonsa. Majigi mai fitila yana cin wat 250 zuwa 300, fiye da ninki uku na talabijin, kuma a aji mai tagogi buɗe da tsakar rana sai mai haske kusan lumen 3,000 (ma'aunin hasken majigi ke nan) zai fito. Ƙananan majigin da ake sayarwa da araha na kallon dare ne. Da hantsi farin bango kawai za a gani. Talabijin ba ya tsoron haske kuma ba ya shan wuta, amma ƙarami ne. Ƙa'idar da ake bi ita ce na ƙarshen baya kada ya wuce ninki shida na tsayin allon. Mai inci 43 tsayinsa kimanin santimita 54 ne, wato ya ƙare aiki a mita uku da 'yan kai, ajin kuwa yakan kai mita takwas. Don haka da talabijin hoto da bidiyo za a nuna, ba rubutu ba, ko a matso da yara gaba rukuni-rukuni. Rubutun da za a haska kada ya gaza girman 28, layi kada ya wuce shida.

Sauti ma ana mantawa da shi. Lasifikar waya ba ta wuce benci biyu.

Na sayi igiyar haɗi amma wayata ta ƙi fitowa a allon.

Ba lallai igiyar ce ta lalace ba. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ramin cajinsu ba ya fitar da hoto, ko da bakinsa ya yi daidai da na igiyar. Mafita biyu ce: ƙaramar na'urar da ake sokawa a ramin HDMI na talabijin ta karɓi hoton waya ta iska, ko a zuba fayil a filash a soka kai tsaye a talabijin. Ta biyun ta fi tabbas. Sai dai filash ɗin makaranta ya zama na makaranta. Wanda ke yawo shagunan tura waƙoƙi shi ke kawo cutar kwamfuta da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi marasa buɗuwa.

Sabis babu ƙarfi, data kuma tsada.

Kada a taɓa dogara da intanet a cikin aji. A sauke komai tun da wuri, inda sabis yake da kyau. Bidiyon minti biyar mai matsakaicin kyau yana cin kimanin MB 25 zuwa 50, saƙon murya na minti ɗaya kuwa bai kai MB ɗaya ba. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth a ranar haɗuwar gungu.

Akwai manhajoji da aka yi su don irin wannan yanayi. Kolibri ana ɗora ta a kwamfuta ɗaya, wayoyi da kwamfutocin hannu na kusa su jona da ita ba tare da data ba. Kiwix tana ajiye Wikipedia a na'ura, har da ta Hausa. GeoGebra tana aikin zanen lissafi ba intanet. Sai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a Maris na 2022. Rajista kyauta ce, darussan sun bi manhajar karatun Nijeriya, kuma akwai na Hausa a ciki.

An ba mu kwamfutocin hannu (tablet) 20, yara kuma sun fi 70.

Kada a raba wa kowa a lokaci guda, mutum huɗu a kan guda, domin mai ƙarfi ne zai riƙe, 'yan mata da masu kunya su koma 'yan kallo. A kasa aji uku. Kashi ɗaya suna kan na'ura biyu-biyu, ɗaya suna aikin littafi, ɗaya suna tare da malami. Duk minti goma sha biyu a juya. Da guda 12 ko 13 ma an gama, sauran suna caji. A rubuta lamba a bayan kowace, kowane yara biyu su san tasu, a naɗa ɗalibai biyu masu rabawa da karɓa. A makon farko juyawar za ta ci lokaci da hayaniya. A gwada ta sau biyu ba tare da na'ura ba har yara su saba.

Kayan suna kulle a sito, hedimasta ya ce in sun lalace shi za a tambaya.

Tsoronsa yana da tushe, don haka a cire masa shi da rubutu: littafin fita da shiga mai suna da kwanan wata da sa hannu, da yarjejeniyar da kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) ya amince da ita cewa lalacewa a bakin aiki ba laifi ba ce. A kuma nuna masa cewa kullewar ma lalatawa ce. Batirin da ya zauna watanni babu caji yakan mutu gaba ɗaya ya ƙi tashi.

Me ya fi lalata kaya a nan?

Ƙura, zafi da wutar da ke dawowa da ƙarfi. Da hunturu a riƙa share matatar iskar majigi duk mako, a rufe kaya da zane, a wanke faifan sola da sassafe kafin ya yi zafi. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kada a bar na'ura a akwatin ƙarfe ƙarƙashin kwano mara silin, kuma kada a jibga su kan juna suna caji. Majigi mai fitila a bar fankarsa ta tsaya kafin a zare shi daga soket. In da janareta ake aiki, a tayar da shi ya daidaita kafin a jona kaya, ta bayan sitabilaiza. Kafin dogon hutu a bar batura a kusan rabin caji, a kashe su gaba ɗaya, wani ya leƙa su sau ɗaya a wata. Makarantun bakin fadama su ɗaga komai sama da ƙasa kafin damina ta yi nisa.

Ina buga Hausa, sai ɓ da ɗ da ƙ su koma akwatuna.

A waya, a ƙara Hausa cikin harsunan Gboard, manhajar buga rubutu a waya. Akwatunan kuwa alamar cewa salon rubutun da ke ɗaya na'urar bai san haruffan ba ne. A yi amfani da Noto Sans ko Andika, a mayar da takardar PDF kafin a tura ko a kai bugu.

Ni malama ce a makarantar 'yan mata. Ya halatta in ɗauki ɗalibai hoto ko bidiyo don darasi?

Malama, ki nemi izinin iyaye tukuna, ta hannun shugabar makaranta. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta bukaci amincewar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma ko ba doka, hoton 'yar mutane da ya fita Facebook zai iya sa uba ya cire ta daga makaranta. Yawancin abin da kike bukata ba ya neman fuska: hoton littafi, hannu yana aiki, ko murya kawai. In kina ɗaukar kanki don duba koyarwarki, ki kafa wayar a baya tana kallon allo. Saƙon aikin gida kuma ya bi ta zauren iyaye, ba lambar ɗaliba ba. Wannan ya fi shafar malamai maza.

Zan iya sa ƙirƙirarriyar basira (AI) ta rubuta mini shirin darasi?

Za ta ba ka daftari da tambayoyin gwaji cikin daƙiƙoƙi, amma tana ƙaga amsa da cikakken ƙarfin hali, ba ta san yawan yaranka ba, Hausarta kuma takan karkace. Ka gaya mata aji da minti da kayan da kake da su, ka gwada duk abin da ta ba ka da littafin da aka amince da shi, ka warware lissafin da kanka. Kada ka saka mata sunayen yara ko makinsu.

Ina ake samun horo, kuma satifiket ɗin yana da amfani?

Horon malaman firamare da ƙaramar sakandare yana biyowa ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da tallafin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya (UBEC) ke warewa don horar da malamai. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa (NTI) da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana da karatu daga nesa. Akwai Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Kebbi tana cikin jihohi bakwai na farko a shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata, wanda koyar da fasahar zamani a sakandare yake cikin ayyukansa. A ajiye kowace takardar shaida, domin hukumar rajistar malamai ta ƙasa (TRCN) tana la'akari da ci gaba da horo, jarrabawarta ta cancanta ma a kwamfuta ake yi. Ɗalibai su ma haka: JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC kuma ta fara da masu zana jarrabawa a ƙashin kansu, ba ta makaranta ba, a 2024.

Kafin ka biya kuɗin wani kwas na 'yan kasuwa, tambayi abu biyu: kowa zai sami na'urar da zai riƙe? Akwai mai bibiya bayan an gama?

Ta yaya shugaban makaranta zai san horon ya yi aiki?

Ba ta yawan satifiket ko hotunan taro ba. Ya duba littafin fitar kaya: sunaye nawa ne a ciki, ko mutum ɗaya ne kullum? Ya shiga aji ba sanarwa a mako na takwas ya ga minti nawa haɗa kaya ke ci yanzu. Sannan kowane malami ya ba yara tambayoyi biyar a kan darasin da ya zaɓa kafin ya koyar, ya sake ba su makamantansu bayan mako biyu, a ajiye takardun biyu a kawo su zaman gungu na ƙarshen zango. Darasin da maki bai motsa ba a sake masa dabara a zango mai zuwa, ko da hakan na nufin ajiye na'urar a koma kayan gwaji na hannu.